Yadda Gayid Ta Zama Zagi a Garinmu

Kalmar ta shigo garinmu ne a bayan rigar ɗan wan babana. Wata 'yar shara ce mai ruwan ɗorawa, irin wadda ma'aikatan titi suke ɗorawa a kan kayansu, an buga baƙaƙen haruffan Turanci a gadon bayanta. Ranar da ya fara sa ta, gidana ya nufo, domin ni ce mai koyar da Turanci a ƙaramar sakandaren garin, shi kuwa bokonsa a firamare ya tsaya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa.

Ya durƙusa ya gaida Inna, mahaifiyata, wadda ta dawo wajena da zama tun bayan rasuwar Baba. Tana bakin murhu tana dafa kalwa. Sannan ya miƙe ya juya min baya.

"Malama, karanta min abin da aka rubuta a nan."

Na ce, "Gayid."

"To, me ke nan?"

"Jagora. Mai nuna hanya. Idan baƙo ya zo garin da bai sani ba, wanda ya shige masa gaba shi ne gayid. Mai jan makaho ma haka za a kira shi. Har ɗan littafin da ake haɗo sabuwar rediyo da shi, mai nuna inda za a murɗa, shi ma gayid ne."

Ya yi ta washe baki yana shafa rigar. Ya ce wasu masu sayen filaye ne daga birni suka ɗauke shi aiki, zai riƙa zagawa da su yana nuna musu gonaki da iyakokinsu. A lokacin birni ya riga ya cinye gonakin Rijiyar Zaki yana tahowa wajenmu, kullum sai ka ga baƙuwar mota a hanyar gona. Na taya shi murna, har fura na dama masa da hannuna. Har yau ina da-na-sanin furar nan.

Gonar kakanmu ba a taɓa raba ta a gaban alƙali ba, amma kowa ya san nasa. Layin gamba ne ya raba rabon babansa da na babana. Namu shi ne na gabas, mai manyan ɗorawa. Inna takan ba wani maƙwabci gonar ya noma gero da gyaɗa su raba, ita kuma ta tara 'ya'yan ɗorawa ta yi daddawa. Daddawarta har kasuwar Rimin Gado ake kai ta. Da ita ta saya min kayan makaranta, da ita ta yi min kayan ɗaki. Kuma da ita ta ciyar da shi kansa Yaya, domin uwarsa ta rasu yana rarrafe, Inna ce ta goya shi.

Bayan girbi, wata safiya Inna ta tafi gona ɗibar kara. Ba ta jima ba ta dawo, babu kara, igiyar kawai a hannunta. Ta zauna a ƙasa a tsakar gida, ba tabarma.

"Inna, lafiya?"

"Katafila ce a gonar. Sun kayar da ɗorawa." Ta yar da igiyar gefe. "Yayanki ne a gabansu. Shi yake nuna musu da yatsa."

Mijina ya raka ni wajen dagaci. Masu filin suka turo wakili, ya ce su daga hannun babban gida suka saya, wato Yaya ɗan babban wa, kuma babban gida ya zaga da su ya nuna musu tun daga farkon gona har ƙarshenta. Yaya ya zauna yana wasa da carbi, ya ce shi a saninsa gonar ɗaya ce, layin gamba ciyawa ce kawai. Dattawa suka yi ta maganar zumunci da haƙuri. A ƙarshe aka miƙo wa Inna wani abu da ba zai sayi ko kusurwar gona ba, aka shafa fatiha, aka tashi. Inna ta kife tukunyar daddawarta a bayan ɗaki, ba ta sake ɗora ta ba.

Ba ni da ɗan'uwa namiji, ba ni da ƙarfin shari'ar birni. Abin da nake da shi aji ne da alli. Na yi watanni ina juya abin a raina, ina ganinsa yana wucewa a sabon babur da rigar nan, yana ɗaga wa mutane hannu. Mutanen gari kuwa har sun fara kiransa Gayid don girmamawa, kamar yadda za a ce Kansila ko Ciyaman. Yana jin daɗinta ƙwarai.

Ran nan kalmar ta fito a darasin karatu. Na rubuta ta a allo da manyan baƙi, na faɗi ma'anoninta kamar yadda na faɗa masa. Sannan na ajiye allin na juyo.

"Akwai wata ma'anar da ba a rubuta a littafinku ba. Mutumin da aka goya a gida, ya girma, ya je ya jawo baƙi ya nuna musu inda rumbun gidan yake. Shi ma gayid ne."

Sai wani daga bayan aji ya tuntsire da dariya, saura suka ɗauka. Babu wanda na ambata. Babu kuma wanda bai gane ba, domin yawancinsu akwai gonar da gidansu ya rasa ta hanyarsa, ko ake shirin rasawa.

Ban bar ta a aji ba. A gidan suna, da wata akuya ta kutso ta ƙofar baya sauran awaki suka biyo ta kan tuwon baƙi, na ɗaga murya na ce, "Ku kore min gayid ɗin nan!" Mata suka faɗi suna dariya har da riƙe ciki. A wajen injin niƙa na sake jefa ta. Daga nan ban ƙara wahala ba, kalmar ta tafi da ƙafarta. Ɓeran da ya fara huda buhu, gayid. Ɗan ƙwallon da ya bar abokan hamayya suka wuce shi, gayid. Wanda ya kai tsegumin gidansu waje, sai a ce ya yi gayidanci. Har jam'i aka yi mata, gayidai. Tsofaffin da ba su san ko harafi ɗaya na boko ba suka riƙa zagin jikokinsu da ita. Yaya ya daina sa rigar, amma a teburin mai shayi in ya zauna sai hira ta mutu, wani ya yi tari, wani ya janye kofinsa.

Matarsa ta zo min da rana tsaka, ta tsaya a bakin ɗaki ta ƙi zama.

"Malama, ki ji tsoron Allah. Mutumin nan ko masallaci ya je sai an yi masa ƙus-ƙus."

"Ni sunan wa na kama? Turanci nake koyarwa, shi gwamnati take biyana in yi."

Ta fita tana share hawaye. Na koma kan tsintar shinkafata.

Da mai unguwarmu ya rasu, Yaya ya fito neman kujerar. Ya raba atamfa, ya gyara rufin masallaci, yana ganin ya gama. Mijina yana wurin ranar da aka taru a ƙofar dagaci, shi ya ba ni labari. Da aka ambaci Yaya, sai wani tsoho mai saƙar zana, wanda ba ya ji sosai, ya sa hannu a kunne ya tambaya wa aka ce. Aka maimaita masa. Ya juya wajen dagaci da gaskiyarsa, ba da wasa ba.

"Ranka ya daɗe, gayid za a ba mu? To ai gara mu kwashe matanmu mu tashi tun kafin ya nuna ɗakunanmu."

Mijina ya ce har dogarin dagaci sai da ya juya baya yana dariya. Aka naɗa wani.

Washegari Yaya ya yi sallama a gidana, rabonsa da gidan tun ranar fura. Ya rame, hularsa a karkace. Inna tana ɗaki, ba ta fito ba.

"Ke kika faɗa min kalmar nan ba zagi ba ce. Jagora kika ce."

"Haka take a ranar."

"To ki tara yaran ki faɗa musu gaskiyar ma'anarta. Ke suke ji."

"Yaya, ka je ka tayar da ɗorawar Inna, ka mayar da layin gamba inda yake. Ranar da ka yi, zan bi aji aji in gyara."

Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙofar ɗakin Inna, ko za ta ce wani abu. Daga ƙarshe ya juya ya kama hanya. Bayan ya fita ne ta kira ni, ta ce ita ta yafe masa tuntuni, ni ma in bar shi haka. Na ce to, don ba a musu da Inna. Amma ban yafe ba, kuma ko na so janye kalmar a lokacin, ta fi ƙarfina. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya koma haya a gefen birni. Masu filayen ma sun sallame shi, tunda babu manomin da zai yarda a gan shi tare da shi a hanyar gona. An ce yanzu gadi yake yi a wani gidan bulo.

Bara aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa, saurayi mai fara'a. A ranarsa ta farko ya tsaya gaban aji ya ce musu da Turanci kada su ɗauke shi malami, su ɗauke shi gayid ɗinsu. Ya shigo ofishin malamai gumi yana keto masa, ya ce yaran sun yi ta ihu suna buga benci, wata yarinya har ta ɓoye jakarta a ƙarƙashin hijabi.

"Hajiya, wani abu na faɗa ba daidai ba?"

Na ce masa Turancinsa daidai ne, amma a garin nan ya nemi wata kalmar. Na tura masa kujera, na zuba masa ruwa a kofi, na ci gaba da makin jarrabawa.