Likitar da Muka Mayar Tafinta

Shekara ashirin da biyu ina aikin ungozoma a wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, don ina son in kai ritaya lafiya. Sunana Mariyama. Na ga likitoci masu koyon fiɗa iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda ƙafarta ta ƙi zama wuri ɗaya kamar Dokta Hamida Dikko ba. Ko shayi a tsaye take sha.

Ƴar makiyaya ce daga wata ruga kusa da Kanan-Bakashe. Shekarar da aka matsa wa gidansu a ba da yaro ɗaya lakwal, wato makarantar boko, babanta ya dubi ƴaƴansa, ya ga maza suna da amfani wajen shanu, ya miƙa ita. Ta yi koleji a Mayahi, ta yi lise, babbar sakandare, a Maradi, ta yi likitanci a Yamai. Tana aji biyu na koleji mahaifiyarta Inna ta rasu wajen haihuwa. Kwana biyu tana naƙuda a bayan bukka, ba wanda ya ji ko nishinta, domin a wajensu abin kunya ne mace ta yi raki a kan haihuwa. Da aka farga, amalanke bai kai rabin hanyar asibiti ba ta cika. Sau ɗaya Hamida ta gaya mani wannan, tana wanke hannu, ba ta ƙara ba.

Su huɗu aka turo mana, maza uku da ita, su yi shekara ɗaya suna koyon fiɗa don kowa ya koma asibitin karkara ya iya ciro jariri idan haihuwa ta gagara. Kowannensu yana da karne, ɗan littafin da babban likitanmu Dokta Isiyaku ke sa wa hannu duk lokacin da mutum ya yi aiki da kansa. Wanda karnensa bai cika ba a ƙarshen shekara, babu shi babu takardar fiɗa.

To, a duk asibitin ita kaɗai ke jin Fulatanci. Makiyayan ƙasar Tasawa da Mayahi suna jin Hausa sarai, amma Hausar cinikin nono daban, ta faɗin inda ke maka ciwo daban. Mu kuma muka samu banza. Da mun hango mace da kitson ruga, sai ka ji, "A kira Hamida!" Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta tsaya gaban teburin fiɗa, sai a leƙo a kira ta. Kafin ta dawo, abokin karatunta Rayyanu ya kai ɗinki. Wata goma haka. Karnen maza ya kusa cika, nata kuwa shafin farko ma bai ƙare ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wanda ya tsane ta. Yabonta ma muke yi: "Hamida, ba don ke ba da mun shiga uku." Kuma in faɗi gaskiya, ni na fi kowa kiranta. Sau uku ta je wajen Dokta Isiyaku, sau uku yana cewa ta yi haƙuri, lokacinta na zuwa. Saura wata biyu, ta rame, ta fara cin farce, ko zaune take gwiwarta na rawa.

Ranar kasuwar Urafan, wani tsoho mai suna Bube ya kawo matar ɗansa, A'ishatu, da cikin fari. Rayyanu ne ke karɓar marasa lafiya, kuma tsarinmu tun kafin a haife shi ɗaya ne: wadda ta fi ihu ita ke fara shiga. Ya tambayi A'ishatu a gaban surukinta ko akwai ciwo. Ta sunkuyar da kai. Tsohon ya amsa mata, ya ce da sauƙi. Aka bar ta a ƙarshen benci tun hantsi har azahar.

Hamida ta zo wucewa da saurin nan nata, sai na ga ta tsaya cak. Ba fuskar matar ta duba ba, ƙafafunta ta duba. Yatsun sun lanƙwashe sun nutse cikin takalmin roba, gefen mayafi kuma yana tsakanin haƙoranta, ya jiƙe sharkaf. Ta aiki tsohon ya je ya ɗebo ruwa don matar ta samu sakewa, ta ɗora hannu a cikin, ta juyo gare ni.

"Mariyama, ɗakin fiɗa, yanzu-yanzu. Mahaifa tana gab da tsagewa."

Aka yi wa A'ishatu allurar baya da ke kashe rabin jiki, aka kafa zanen da ke kare mata ganin cikinta. Dokta Isiyaku ya shigo ya raba aiki yadda ya saba.

"Rayyanu, kama wuƙa. Hamida, tahi wajen kanta ki kwantar mata da hankali."

Hamida ba ta motsa ba.

"Dokta, da baki nika magana, ba da hannu ba. Daga nan ma tana ji na."

Ni dai na taɓa ganin likitan nan ya kori mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Rayyanu ne, Allah ya saka masa, ya ja da baya ya bar mata wurin. Dokta Isiyaku ya dube ta, ya dubi agogo, ya ce, "Bisimilla."

Ta yanka tana magana da Fulatanci ta saman zanen, a hankali, ba yankewa. Daga baya ta ce mani sunayen shanun gidansu A'ishatu take tambaya, ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar nan da ba ta zama, ranar ko motsi ba ta yi ba. Ta ciro namiji, ya ɗan yi shiru har na fara salati, sannan ya tsala kuka.

Washegari da hantsi muka zagayo duba marasa lafiya. Bube ya kama hannun Dokta Isiyaku da hannu biyu ya yi ta godiya, ya gode wa Rayyanu, sannan ya juyo wajen Hamida.

"Ke ma ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Kin iya tahinta ƙwarai."

Wallahi sai da na ji kamar in yi jifa da farantin da ke hannuna. Mutumin ruga irinta, shi ma haka ya ɗauke ta! Hamida ta yi ɗan murmushi, ƙafarta har ta juya wajen ƙofa.

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi. A'ishatu ce, wadda mahaifarta ta kusa tsagewa ba ta ce uffan a gaban tsohon nan ba. Kuma da Hausa ta yi, don kowa ya ji.

"Ita ta hiddo shi. Ina ji, muryarta daga wajen cikina taka hitowa."

Bube ya saki baki. Dokta Isiyaku ya sosa ƙeya, ya ce Hamida ta miƙo karnenta. A ƙarfen gadon ya dafa ya sa hannu, ya ce daga yau duk fiɗar da ta zo tata ce har ta kamo sauran.

Bai rufe baki ba wani ya ƙwalo kira daga baranda: "A kira Hamida, an zo da wata ta ruga!"

"Hamida tana da aiki," in ji Dokta Isiyaku. "Mariyama, tahi ki gani."

Na tafi, da Fulatancin da bai wuce gaisuwa ba. Na tarar da matar zaune a benci shiru, na durƙusa, na fara da duba ƙafafunta.