Inna Hajara da Alharinin Kashmir

Ina kasuwar Wara da hantsi wani direban jirgin ruwa daga Yelwa ya tare ni, ya ce, "Sai haƙuri, Inna Hajara masaƙiya ta rasu, tun jiya aka kai ta." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara bakwai na yi a gabanta ina koyon saƙa.

Lokacin da na je wurinta, atamfar kanti ta cinye kasuwa, mata sun jingine masaƙa. Mu biyu kaɗai muka rage mata almajirai. Duk da haka, ko kuskure ɗaya ta gani a gwado sai an warware. Takan ce, "Zare ba ya ƙarya, hannu ke yin ta."

Shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi, wata malama Ba'indiya mai koyar da lissafi ta shigo da dogon zanen alharini, wanda suke kira sari. Gadon mahaifiyarta ne, saƙar Kashmir, ƙusar kwalekwale ta yaga gefensa. Teloli uku sun ƙi taɓa shi. Tana bayani tana hawaye. Inna ta shafa, ta ɗaga shi ga rana, ta ce, "Ɗiyata, wanda ya saƙa wanga ma hannu biyu gare shi. Bar shi nan."

Kwana uku tana kallonsa ba ta ɗauki allura ba. Sannan ta zaro zare daga bakin zanen da ake sokewa a ƙugu, ta bi furannin da aka saƙa a gefen da ya yage tana ɗinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da malamar ta dawo, Inna ta shimfiɗa shi a tabarma, ta ce, "Nuna mini wurin." Malamar ta duba ciki, ta duba waje, ta rasa inda ya yage. Sai ta rungume Inna, mu kuma muka rangaɗa guɗa.

Furen nan bai bar kan Inna ba. Ta saƙa irinsa a gwadonta da zaren tsamiya, alharininmu na gida, aka kai baje kolin Birnin Kebbi, ya zo na ɗaya. Kafin damina ta faɗi, mata daga Shanga da Ngaski sun cika gidan neman koyo. Da muka yi mata barka, ta ce, "Ku bar zancen kyauta. Ku saurara, kowane gida masaƙa ke ƙara."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya bai wa 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, Ya albarkaci bayanta. Amin.