Idon Zainaba

Ya Kaltum ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko ɗinkin hula take yi, sai ta tashi sau goma ta leƙa titi ta dawo. Daga Konduga ta zo Maiduguri a ƙasa, goye da 'yarta Zainaba, ranar da aka shigo garinsu da harbi daidai magariba. Mijinta ya ce su yi gaba, zai biyo su. Bai biyo ba.

Ta sami ɗaki a wani kango a Maisandari, ita da iyalai shida. A gida tana da zogale da kabewa a bayan danga, ga nonon saniya. A nan kuwa tuwon masara ne da miyar da ba ta san mai ba.

Zainaba na shekara huɗu ta fara wani hali. Da rana ta faɗi, sai ta lafe jikin bango, ta ƙi motsi. In an tilasta mata tafiya, ta yi karo da turmi. Matan gidan suka ce firgita ce, ai da magariba aka koro su. Kaltum ma ta yarda. Ta karɓo rubutu, ta yi mata hayaƙi, wata uku ba sauyi.

Wata ranar Talata da hantsi aka yi ta harbi a bayan unguwa. Manya suka kwanta a ƙasa. Zainaba ko ɗagowa ba ta yi daga wasanta ba. Da yamma gari ya yi shiru, sai ga ta tana lalubar kwanon tuwo, alhali yana gabanta.

Kaltum ta ajiye allura. Da gari ya waye ta buɗe idon yarinyar a rana. Ya bushe, ba ƙyalli, ga wani fari kamar kumfar sabulu a gefe. Ta goga da bakin zane, bai fita ba. Ta saɓe ta sai asibiti.

Ma'aikaciyar da ta duba su, wata Pindar, ta ce dundumi ne, rashin bitamin A ke kawo shi.

"Wata uku, Ya Kaltum? Ke da kike ganin ramin allura?"

"Zare nake kallo, 'yar'uwa. Ki ba ta maganin."

Pindar ta yanke bakin wata jar ƙwaya ta matse wa yarinyar a baki. Ta ce su dawo gobe, su sake dawowa bayan mako biyu, a kuma nemi hanta, manja da ganye. Game da idon hagu ba ta yi alkawari ba, don ciwon ya taɓa baƙin idon.

Kaltum ba ta yi kuka ba. Ta sayar da hular da ke hannunta ba a gama ba, ta sayi hanta da manja.

Idon dama ya dawo cikin kwana huɗu. Na hagu ya bar tabo fari, da shi Zainaba take har yau. Ranar komawa asibiti ta ƙarshe, Kaltum ta bi ɗakunan kangon tana buɗe idon yara, iyayensu na mita. Da yara uku ta tafi.