Dokin Ƙofar Gildo Busetto

A tsibirin Pellestrina babu wanda bai san Gildo Busetto magini ba: dogo, ga taurin kai kamar jaki. Shekara arba'in muna katanga ɗaya, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Mu dai idan ruwan teku ya taso a watan Nuwamba, sai mu zura faifan ƙarfe a bakin ƙofa, mu ɗora firiji a kan bulo, mu sa takalman roba mu jira. Gildo ya ce aikin ragwaye ne. Shekarar da ruwa ya jiƙa ƙafafun kabad ɗin matarsa Nives, wanda ta gada wurin mahaifiyarta, ya rantse ba za a kuma ba. Ya zuba siminti ya ɗaga daɓen gidan taƙi guda, har da dokin ƙofa. Ruwa ya ƙaru, shi ma ya ƙara. Rufi kuwa yana nan inda kakansa ya bar shi.

A zubi na biyu kabad ya tokari rufi, ya yanke masa ƙafafu. A na uku ya sare adon da ke samansa.

"Kai tsohon banza," in ji Nives, "ruwa ƙafa kawai ya lasa. Kai ka ci ƙafa ka haɗa da kai!"

"Ya jiƙe?"

"Me ya rage da zai jiƙe?"

Ƙofar ta koma ta akurkin kaji. Goshin Gildo bai rabu da ƙulu ba, har limamin coci sai ya rusuna yake shiga.

Nives ta rasu a ƙarshen Oktoba, ta bar wasiyya a ba 'yarsu Orsola kabad ɗin. Muka juya shi ta ko'ina, ya ƙi fita.

"Baba, a bar shi," in ji Orsola. "Ruwa na hanya."

Gildo ya ɗauko guduma ya hau fasa dokin ƙofa, ya haƙa daɓen tun daga ƙofa har gindin kabad. Aikin shekara talatin! Raina ya ɓaci.

"Gildo, ka haukace ne? Jibi ruwa zai taso!"

"Kama can gefen, ka rage surutu."

Muka sa kabad a jirgin ruwa, Orsola ta tafi da shi. Jibin kuwa, ruwa ya zo, ya bi ramin nan tiryan-tiryan har inda kabad ɗin ya zauna. Na tarar da Gildo a kan tebur yana cin soyayyen kifi, yana kallonsa.

"Shigo mana," ya ce da ruwan. "Ka makara. Duk sun tafi."