Zaren da Na Yanke

Bayan sadakar arba'in ɗin mahaifiyarmu, aka ce sai an kai gwala-gwalanta wurin mai gwaji kafin a raba gado. Ni aka ɗora wa aikin, wai ni ce na gama jami'a. Ban ga abin da ya haɗa digirina da gwal ba.

Maƙerin gwal da ke gwaji a babbar kasuwa ya ba ni ranar Laraba. Tun Litinin na kasa zama. Na juye gwangwanin alewar da take ajiye su a kan farin zani, na ɗauki hoton kowanne, ina jin har sau biyu. Ko ba ɗaya bayan ɗaya ake ɗauka ba? Ban sani ba. Wasu sarƙoƙin na ga an ɗaura musu ɗan zare a maƙalli, ja ko baƙi, duk ya yi dauɗa. Na yi tunanin ƙila ya ƙara nauyi a sikeli, a ce na yi ha'inci. Na sa reza na yanke, na wanke komai da ruwan ɗumi, sannan na sake ɗaukar hotuna na goge na farkon don kada su ruɗa ni.

Ranar Talata yafendona, ƙanwar Mama, ta zo daga Kagarawal. Ta daɗe tana kallon zanin.

"Ke, ina zaren?"

"Na cire, Yafendo. Ya yi datti."

"To sannu, 'yar boko. Mai jan zare ba ta uwarki ba ce. Ajiyar malamar nan ce ta unguwar Federal Low-Cost."

Malamar abokiyar aikin Mama ce tun suna koyarwa a firamare, 'yar Kaltungo. Ashe tare suka sayi sarƙa iri ɗaya, ta bar tata a hannun Mama saboda gidanta haya ne. Baƙin zaren na waɗanda ke son gyara ne kawai. Yanzu ga sarƙoƙi biyu a gabana, ba ka iya bambanta su.

Na hau keke napep na kai wa malamar su biyun. Ta sa tabarau, ta juya wannan, ta juya waccan.

"'Yata, da na sani ai da mamanki ba ta ɗaura zare ba. Ɗauki kowacce ki ba ni."

Na kasa. In na ba ta ta marayu fa? In kuma na riƙe tata?

Washegari maƙerin ya goga su a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce ɗaya ta ɗan fi ɗaya kyau. Na tambaye shi ko zai iya gane wurin da zare ya taɓa zama. Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini sarƙoƙin.

Na kira 'yan'uwana, kowa ya yafe, muka ba malama mai kyaun. Ɗayar ta faɗo a rabona. Tana cikin gwangwanin, kuma har yau ban taɓa sa ta ba.