Ƙwarya a Kafaɗa

Ku matso kusa. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani.

A shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas tana saukewa a gonakinmu, aka tashe mu daga ƙauye, na koma unguwar Karmo, a gefen sabon babban birnin, wurin ɗana na fari. Shi mai zane ne. Ya daɗe yana rubuta allunan shaguna, sai ga wani oga mai buga littattafai ya ba shi aikin da ya jima yana nema: hotunan littafin yara, labarin wata uwa da ta je itace.

Ɗakin aikinsa bai fi rumbu ba. Tebur a gindin taga, gwangwanayen madara a jere, kowanne da launinsa. Da fensir yake farawa, sannu-sannu, kamar mai tsoron tada takarda daga barci. Ya goge, ya hure, ya sake. In ya gamsu ya bi da baƙar tawada. Launi kuwa sai ƙarshe, ba ya ɗora wani sai na ƙasa ya bushe. Dokarsa ɗaya: abin da idonsa bai gani ba, hannunsa ba ya zanawa. Akuyar maƙwabta ta sha ɗauri a bakin ƙofar nan don ya zana ta.

Uwar cikin labarin, ni ya tsayar ya zana, da ƙwarya cike da itace a kafaɗa. Mu matan Gbagyi haka muke ɗaukar kaya tun kaka da kakanni. Kai na tunani ne, ba a haɗa masa nauyi biyu.

Ya kai hoton, ya dawo jiki a sanyaye. Oga ya ce yaran wasu garuruwa za su ɗauka mai zane ne ya yi kuskure. Ko dai kayan su hau kai, ko a ba wani aikin.

"Mama, ki taimaka ki ɗora a ka," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Na naɗa gammo, abin da ban taɓa yi ba. Na ɗora. Wuyana ya sandare kamar na zakaran da ya hango shaho. Matarsa ta leƙo da ludayi a hannu.

"Kai, Mama! Baƙuwar wane gari muka yi?"

"Ke dai koma, miyarki na ƙonewa."

Ban rufe baki ba ƙwarya ta zame, itace ya watse, guda ya kifar da jan launi. Suka yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Na tattara, na sake ɗorawa, don abincin ɗana ne.

Ya zana ya goge, ya zana ya goge, har takarda ta yi laushi. Ya juyo mini da ita.

"Wace ce wannan, Mama?"

"Ban san ta ba."

"Ni ma ban san ta ba."

Ya ajiye fensir ya yi tagumi. Matarsa ta zo karɓar itacenta. Ta sauke mini ƙwaryar, ta cilla ta a kafaɗarta ba tare da ta duba ba. Ni ma na kwashi ragowar a ɗan kwando, na saɓa, na bi bayanta.

"Ku tsaya haka!" Ya daka mana tsawa. "Kada wadda ta motsa!"

Muka tsaya kamar turaku, miya na ƙauri. Da ya gama da mu ya fita ya roƙo matan garinmu da ke unguwar, tsohuwa da budurwa da mai goyo, kowa da kayanta. Ya jera mu a takarda a kan hanyar dutse, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mace ɗaya a iya cewa kuskure ne, amma ba a cewa gari guda ya yi kuskure.

Daga baya ya ba ni labari cewa oga ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ashe dukanku haka kuke?" Ya yi ƙorafin yawan mutane a shafi ɗaya, amma ya karɓa.

Da littafin ya fito ban iya karanta ko harafi ba, sai dai na gane kaina nan take. Ni ce a gaba. Har murmushi ɗana ya sa mini, alhali ranar wuyana ciwo yake yi.