Baƙin Dasashin Goggo

Ko na tsufa na fara mance sunayen jikokina, ranar da na kai Goggo, ƙanwar mahaifina, cire haƙori a Dutse ba za ta fita daga raina ba.

Goggo ce mai guɗar unguwarmu a Aujara. Amaryar da ba ta yi wa guɗa ba, kamar ba a kai ta ba. Tana da wani baƙin tabo a dasashinta na sama, mu kuwa baƙin dasashi ado muka ɗauke shi. Ita ma har gori take mana, wai kyanta ƙaruwa yake da tsufa, tunda tabon faɗi yake yi.

Likitar haƙorin yarinya ce, har na raina ta a zuciyata. Ta haska bakin, sai ta ajiye kayan aikinta.

"Mama, yaushe wannan baƙin ya fito?"

"Ke 'yar nan, haƙori na kawo miki, ba adona ba."

Da ƙyar Goggo ta yarda aka yanki ɗan nama, bai kai ƙwayar gero ba, aka tura Kano. Sakamako ya dawo: ciwon daji ne, irin wanda ya fi fitowa a fata, da wuya a gan shi a baki. Ashe abin da muke yabo shi ke cin ta.

Aka yi aiki, aka cire dasashin da wani ɓangaren ganɗarta. Ta rayu, amma in ta sha ruwa ta hanci yake fitowa, magana ma ba a ganewa. Ta daina zuwa biki. Daga baya likitoci suka auna bakinta, suka ƙera mata wata 'yar roba da ta toshe gurbin. Har yau ina mamakin wannan ilimi da Allah ya ba ɗan Adam.

Ranar kai 'yata ɗakin miji, ba wanda ya roƙe ta. Muna bakin ƙofa sai na ga ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Guɗar ta ɗan dushe, amma tata ce. Na zauna a ƙasa ina kuka.

Tun daga nan, duk tabon da na ga yana girma a jikin wani, ba na yabawa. Cewa nake a je a duba.